Kalma Ɗaya Zuwa Baƙi'a

Harra ta Yamma, Madina
22 ga Jimada Ula, 1446

Zuwa ga Yaya Asama'u,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da kyau, ina gaida yara da jikoki da duk mutanen Ƙaura. Yaya ƙafar? An ce mini kunnen ya ƙara nauyi har waya ba ta yi miki amfani, shi ya sa na ɗauki biro. Ni ma ko da kina ji, ba na kai ƙarshen magana kuka bai katse ni ba. Ki yi haƙuri da rubutuna, kin san a aji shida na tsaya. Hajiya Safiyyatu ta unguwarku da ta zo umara ita za ta kawo miki.

Jikina lafiya. Yau kwanana goma sha tara a takaba.

Na san labarin rasuwar ƙaninki ya iso ku tun ranar, amma ban san ko an faɗa miki yadda aka yi ba. Ranar Talata ce bayan La'asar, yana filin ma'ahadin, wato makarantar da yake koyar da ɗalibai ƙwallo a Aziziyya. Ya busa usur a huta, ya zauna a benci, ya ce wa mataimakinsa Malam Tahir, wani dattijo mutumin Cadi, ya miƙo masa ruwa. Kafin a buɗe gorar ya jingina. Likita ya ce zuciya ce. Da aka gama takardu aka yi masa salla a masallacin Annabi, aka kai shi Baƙi'a. Mata ba sa shiga, kuma a nan ba a rubuta suna a kabari. Usur ɗin kawai aka kawo mini, da takalmansa.

Da kin ga masu gaisuwa, Yaya. Ɗalibansa sun cika layinmu, 'ya'yan Sudan da Cadi da Nijar da namu, irin waɗanda aka haifa a nan, kina yi musu Hausa suna mayar miki da Larabci. Har daga Bauchi da Maraɗi aka yi ta bugowa, magidanta masu furfura suna cewa Mai Kango ya tafi. Sunan da suka sa masa ke nan, don ba ya karɓar ƙungiya sai wadda ta rushe. Kin tuna kwalejin da ya fara a gida, awaki na kiwo a filin, matan ma'aikata na shanya a ƙarfen raga? Cikin shekara uku ya ciyo musu kofi. Haka ya yi a Bauchi, haka a Maraɗi. Ta nan kuwa da muka zo, ta shekara biyu ba ta ci wasa ko ɗaya ba. Ko'ina ya je aikinsa iri ɗaya ne. Sati biyun farko ba mai taɓa ƙwallo, sai tsintar duwatsu a fili, shi a gaba da buhu, yana tambayar kowa sunan uwarsa da garinsu. A nan ya sha wuya, duwatsun Madina baƙaƙe ne masu kaifi, sai da suka yi wata guda suna tsinta. Da ƙungiya ta tsaya da ƙafarta kuma sai ya fara kallon hanya. Na taɓa ce masa, Koci, wai mu ba za mu taɓa zama a gidan da ba ya yoyo ba? Ya yi dariya ya ce to me zai yi a ciki. A Madina ne kaɗai ya zauna shekara tara, kin kuma san abin da ya hana shi juyowa gida.

Ga abin da ya sa na rubuto. Igamata, wato takardar zamana a ƙasar nan, a ƙarƙashin tasa take. Mutanen ma'ahadin sun yi mini kirki, sun ce in gama takaba sannan a buga mini huruj, fita ta ƙarshe ke nan. Takaba za ta ƙare sha uku ga Ramadan, jirgina sha bakwai. In na fita, mace irina ba ta da hanyar dawowa.

A zaman makoki Malam Tahir ya roƙi jama'a duk mai wani abu a ransa ya yafe wa mamacin, kowa ya ce ya yafe. Ke ce ba ki nan. Kalma ɗaya nake roƙo. Ki rubuto mini cewa kin yafe masa rashin zuwansa a ciwon Inna, in je bakin katangar Baƙi'a in faɗa masa kafin in tafi. Ban san ko yana ji ba. Allah yana ji.

Ƙanwarki,
Radiyya

Ƙauran Namoda
18 ga Jimada Sani, 1446

Radiyya,

Wa alaikumus salam. Takardarki ta same ni lafiya. Ƙafa da sauƙi, kunne kuwa sai a hankali, jikoki sun gano haka sun fara zagina a gabana suna murmushi. Allah ya ba ki haƙuri, ya jiƙan Barau. Mun yi masa sadakar uku da ta bakwai da ta arba'in, ban rage komai ba, don kada ki ji wata magana a bakin mutane.

Na karanta sau biyu. Shekara talatin na yi ina duba littattafan 'yan firamare, har yau hannuna bai daina ƙirga layi ba. Layi ashirin da ɗaya kika yi a kan ƙwallo, layi ɗaya a kan Inna.

Tunda kin ba ni labarin kango huɗu, bari in ba ki na ɗaki ɗaya. Daga Maraɗi zuwa Ƙaura ba ta kai tafiyar wuni ba. Ranar Laraba na buga masa na ce Inna ta daina karɓar ko kunu. Ya ce, Yaya, Asabar muke wasan ƙarshe, Lahadi da sassafe ina hanya. Ranar Juma'a da hantsi ta cika. Duk motar da ta tsaya a waje sai ta ɗaga kai ta ce ko Barau ne. Maza biyar ta haifa, shi kaɗai ya rayu mata, kuma maƙwabta ne suka ɗauki makararta. Ya san sunan uwar kowane yaro a fili, kika ce. Na gode da kika faɗa mini.

Maganar da kika roƙa, ki bar ni da ita tukuna. Kada ki sake rubuto mini labarin kofi.

Safiyyatu ba ta samu ganinki sosai ba, amma ta ce kin rame har wuyanki ya fito. Ba a takaba da yunwa. Na ba wani malami da zai zo umara kuka da daddawa da ɗan yaji, ki sa a yi miki miya ki ci. Ɗakin Inna na nan na sa an shafe shi. In kin dawo nan za ki sauka, ba gidan kowa ba.

Yayarki,
Asama'u

Harra ta Yamma, Madina
9 ga Rajab, 1446

Yaya,

Assalamu alaikum. Ina fatan kin tashi lafiya, ke da mutanen gida. Saƙo ya iso, Allah ya saka. Maƙwabciyata Najwa, Bahaushiyar Sudan ce, ita ke kwana da ni tun ranar. Ta buɗe ƙullin daddawa ta toshe hanci ta ce, ya Radiyya, wannan ai sai a kira 'yan kwana-kwana. Da aka yi miyar ita ta fi ni ci. Ana sanyi sosai a nan, ƙirjina na ɗan yi mini nauyi da tari, amma da sauƙi.

Ban rubuta kofi don in yi miki alfahari ba. Ni abin da na sani ke nan game da shi, shekara ashirin da shida ina wanke rigunan 'ya'yan mutane tunda Allah bai ba mu namu ba. Amma kin ba ni labarin ɗaki, ni ma bari in ba ki na zaure, don ina cikin motar.

Da aka bugo ranar Juma'ar, da silifa ya fita, ni na bi shi da hula. Muka iso bayan La'asar an riga an dawo daga maƙabarta. Kika tare ƙofar zaure kika ce masa, koma wajen 'ya'yanka, a nan babu mai jiranka kuma. A gaban jama'a kika faɗa. Ya tsuguna a gindin darbejiyar ƙofar gida har aka kira Magariba, ba wanda ya miƙa masa tabarma. Bai je wasan Asabar ba. Yaran suka ci ba tare da shi ba, suka kawo kofin gida suna waƙa, ya fito ya ce su fita da shi kada ya kwana a gidansa. Wata biyu bayan nan ya karɓi aikin Madina, ya ce aƙalla zai riƙa yi wa Inna addu'a kusa da Annabi.

Akwai kuma abin da ni kaina ban sani ba sai shekaranjiya. Malam Tahir ya zo da matarsa gaisuwa, ya zauna daga bayan ƙofa yana magana. Kin san al'adar ƙaninki, kafin kowane wasa sai 'yan wasa sun yi zobe sun dafa kafaɗar juna, kowa ya ce wa na kusa da shi ya yafe masa. Ya ce ba a shiga fili da ƙulli a rai. A Bauchi da Maraɗi da shi ake yin zoben, na gani da idona. Malam Tahir ya ce a nan ko sau ɗaya bai taɓa shiga ba. Zai haɗa su, ya koma gefe ya tsaya yana kallon takalminsa. Wata rana ya zolaye shi ya ce, ya kabtin, kai mala'ika ne da ba ka da laifi? Sai ya ce masa, Tahir, wadda zan dafa ba ta cikin zoben nan.

Shekara tara, Yaya. Duk azumi sai ya je Ƙuba da kansa ya zaɓo miki dabino daga gona, ya ba 'yan umara. Duk shekara sai ki mayar da kwalin ko buɗewa ba ki yi ba, wani lokaci ya dawo mana har ya yi tsutsa. Ya karɓa ya ce ƙila baɗi. Ke kin rasa uwa, ban musa ba. Shi uwa da yaya ya rasa rana ɗaya, kuma guda cikinsu tana raye tana kallo. Yanzu ya mutu ma sai an roƙe ki? Me kuma ya rage da za ki mayar masa?

Ki gafarce ni in na yi tsauri. Kwana sittin da 'yan kai suka rage mini.

Radiyya

Harra ta Yamma, Madina
12 ga Sha'aban, 1446

Yaya,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa. Ina fatan ba ciwo ne ya hana ki rubutu ba. Ni tarin ya sake ni, alhamdu lillahi.

Rukuni uku na 'yan umara sun zo daga wajenmu, duk Najwa ta bi masaukinsu ta tambaya, ba wanda aka ba takarda. Na gane. Na yi miki rashin kunya a waccan, ni da ban taɓa ɗaga ido na kalle ki ba tun da aka kawo ni gidanku. Ki bar laifina a kaina, kada ki ɗora masa. Bai taɓa faɗin mummunar kalma a kanki ba, ni ce mai baki.

An karɓi fasfona don buga huruj. Na fara ɗaure kaya. Rigunan ƙwallon na ba Malam Tahir, shi aka ba riƙon ƙungiyar. Ya ce ranar farko bai san abin da zai ce musu ba, sai ya ɗauko buhu, suka yi ta zagaya filin da babu dutse ko ɗaya a cikinsa.

In ba za ki iya rubuta kalmar ba, ki rubuto mini ko da cewa kina lafiya.

Ƙanwarki,
Radiyya

Ƙauran Namoda
27 ga Sha'aban, 1446

Radiyya,

Wa alaikumus salam. Lafiyata ƙalau, sai ƙafar. Takardunki biyu duk suna hannuna. Ba fushi nake da ke ba. Sau uku na rubuta amsa ina yagewa, ta huɗu kuma na ba wata mata da bizarta ta ƙi fitowa, na aika aka karɓo na yage ita ma. Wannan ba zan sake karantawa ba, don in na karanta ba za ta tafi ba.

Kin ce ba ki taɓa ɗaga ido kin kalle ni ba. Da ma kin ɗaga tun da wuri.

Akwai abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba. Ni ban so aikin nan nasa ba. Mutum ya yi karatu har ya zama malami, sannan ya koma sa gajeren wando yana bin yara da usur. Kuma ya bar mu, daga wannan gari sai wancan. Lokacin da kuke Bauchi na buga masa na ce Inna ba lafiya, ya zo maza. Ƙarya ce. Ya kwana a hanya ya zo ya tarar da ita tana daka. Na ce ai ta ji sauƙi ne. Shekara biyu bayan nan, kuna Maraɗi, na sake. A lokacin ma ya bar wasa ya zo, aka ci yaransa, har hukumar kwalejin ta ba shi takardar gargaɗi. Inna ta yi mini faɗa, ta ce wata rana za ki kira shi da gaske ya ce wasa kike.

Ranar Larabar nan ita ce ta uku.

To ki gaya mini, da ya ce Lahadi, laifin wa? Na tsaya a zaure na kore shi ne don in ya shigo ya kalle ni, zan ga amsar a idonsa. Dabinon da nake mayarwa, ba ƙyamarsa nake ba. Ba zan iya sa shi a baki ba ne. Kullum ina cewa baɗi zan karɓa in rubuta masa, ni ma baɗi nake ta cewa. Da kika roƙe ni in yafe masa, sai na ga ni ce ya kamata in durƙusa, kuma wanda zan durƙusa wa yana ƙarƙashin ƙasa a wurin da ko alama babu.

Amma kin roƙi kalma, ga ta, ki kai masa. Barau, ni Asama'u yayarka na yafe maka maganar Inna duniya da lahira, ko ka yarda da ni ranar Larabar nan ko ba ka yarda ba. Kai ma ka yafe mini.

Ke kuma ki faɗa mini gaskiya, kada ki rarrashe ni. Ya taɓa ce miki ya yafe mini kiran nan biyu?

Asama'u

Harra ta Yamma, Madina
16 ga Ramadan, 1446

Yaya,

Assalamu alaikum. Barka da shan ruwa. Ina lafiya, na fita takaba ranar sha uku. Wannan takardar ba mai kawo ta sai ni. Gobe jirgi. Na san kunnenki, na kuma san bakina, don haka zan miƙa miki ki karanta kafin mu zauna.

Taki ta iso ranar sha huɗu, ina zaune a kan akwati na riga na fid da rai. Jiya bayan La'asar muka je Baƙi'a ni da Najwa. Ba ki ga cunkoso ba, azumi ne, ko'ina mutane. Malam Tahir da wasu daga cikin 'yan wasan suka shiga ciki, mu muka tsaya a jikin katanga inda mata ke leƙe ta tsakanin ƙarafuna. Ya daɗe kafin ya fito. Ya ce sun yi gardama a kan layin da kabarinsa yake, an binne mutane da yawa bayansa. Ya nuna mini da yatsa ya ce can wajen da tantabaru suka sauka, ko ɗan gaba kaɗan. Na kalli wajen. Ƙasa ce da ƙananan duwatsu baƙaƙe, kamar filin da bai gama tsinta ba.

Na buɗe takardar na karanta masa a hankali da sunanki. Ina kai ƙarshen kalmarki wani askar mai gadin wurin ya zo yana cewa yalla ya hajja, a matsa. Najwa ta tsaya tana jansa da surutu da Larabci, wai tana tambayar ƙofar mata, ita da ta shekara talatin a garin nan. A wannan ɗan tsakanin na sake maimaita layin. Sau biyu ya ji, in yana ji.

Yanzu tambayarki. Kin ce kada in rarrashe ki, ba zan yi ba. Bai taɓa ce mini ya yafe miki ba, domin bai taɓa ce mini kin yi masa laifi ba. Ya san ƙarya ce tun ta farko. Ya dawo Bauchi da ƙullin kilishi yana dariya, ya ce Yaya ba ta iya cewa ta yi kewata ba, sai ta kwantar da Inna. Ta biyun ma da ya dawo da takardar gargaɗi na yi ta mita, ya ce in bar ki, ko sau goma kika kira zai je.

Ga kuma abin da na ɓoye miki a takarduna na baya, don ina tsoron in kin ji ba za ki yafe ba. Ranar Larabar, ina tsaye kusa da shi. Da ya ajiye wayar ya ce mini, yau muryar Yaya daban take, wannan karon da gaske ne. Na ce to mu tashi. Sai ya ce yaran nan shekara uku suna jiran Asabar ɗin nan, Inna mai ƙarfi ce, za ta kai Lahadi. Ya yarda da ke, Yaya. Ya sani, ya zaɓa. Abin da ya hana shi shiga zobe ke nan, ba kiranki ba. Ki sauke wannan daga kanki, ba naki ba ne.

Na so in faɗa miki kafin ki yafe, na kasa. Da na ga kin rubuta ko ya yarda ko bai yarda ba, sai na riƙe layin da hannu biyu, shi na kai masa. In na yi ba daidai ba ni za ki tuhuma, ga ni nan tafe.

Kayana ba yawa. Akwati biyu, da usur ɗinsa. Da safen nan na sa Najwa ta raka ni Ƙuba, mai gonar ya gane ni, ya ce irin na kullum? Na ce irin na kullum. Kwali ɗaya ne. Wannan karon, don Allah, kada ki mayar.

Ƙanwarki,
Radiyya